Tambayar da Aka Goge

Litinin, 2 ga wata

Gwaggo Malama,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar? Baba ya ce gwiwar ta sake tashi har kina sallah a zaune, Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, in ta jiki ake nufi.

Za ki yi mamakin takarda a hannun direban motar magani alhali ga waya. Na rufe lambarki ne. In na ji muryarki, ko in yi kuka ko in yi rashin kunya, kuma ke da Baba kakanku ɗaya, ba na so a ce 'yarsa ta ɗaga miki murya. Direban yana kawo mana kaya daga birni duk Litinin, ya ce layinku a kan hanyarsa yake.

Tambayar da kika goge ranar Laraba a Zauren Iya Zama da Mutane tawa ce. Ke kika saka ni a zauren nan na waya bara, da na fara horon harhaɗa magunguna, kika ce zai koya mini riƙe harshe. Ta akwatin sirri na turo, wanda ba ya nuna suna. Ga ta, na haddace:

"Shugaban sashena yana bi na cikin ɗakin sanyi duk safiya lokacin duba ma'auni, ya rufe ƙofa ya jingina da ita. Yana faɗin abin da ba zan iya rubutawa ba, sau biyu ya kai hannu. Shi zai buga mini hatimin kammala horo nan da wata biyu. Me zan ce masa ya bar ni, ba tare da na yi asarar shekara guda ba?"

Minti ashirin ta yi ta ɓace. Kika sa layi biyu a gurbinta, wai wannan ba batun iya zama da mutane ba ne, mai tambaya ta kai ƙara inda ya dace. Gwaggo, inda ya dace teburinsa ne. Duk takardar ƙorafi a sashen nan ta hannunsa take bi kafin ta hau sama. An ba kura ajiyar nama, ke kuma kin ce in je in kai wa kura ƙara.

Mai Hatimi muke ce masa, don a aljihun rigarsa hatimin yake kwana. Ɗakin sanyi kuwa nan muke ajiye allurar rigakafi. Faɗinsa bai fi taku uku ba, kuma ƙarar injin ba ta bari a ji magana daga waje. Doka ce a rufe ƙofa da an shiga kada sanyi ya fita, doka ce kuma mutum biyu su karanta ma'aunin su sa hannu. Dokokin nan ya mayar tarko. Ga kuma wata babbar ma'aikaciya da ke riƙe da sito, Tsidau muke kiranta saboda bakinta. Sai ta banko ƙofa ta hau ni da faɗa a kan kwalin da na bari a ƙasa, ta jawo ni waje ta wanke ni tas a gaban masu dako, shi ko kallonsa ba ta yi. Kishi take ko gadi take masa, ban sani ba, amma ita ma na ajiye mata nata.

A makon da kika goge tawa, kwana uku zaurenku ya yi yana koya wa wani yadda zai gaya wa abokin aikinsa bakinsa na wari. Amsa saba'in da huɗu, na ƙirga. Ni ban ce ku kamo shi ba. Abin da zan faɗa gobe da ƙarfe takwas in ƙofa ta rufe nake nema. In wannan ba zama da mutane ba ne, shi ɗin aljani ne?

Kada Baba ya ji. Hawan jininsa bai sauka ba, kuma cewa zai yi in tattaro in dawo gida. Mako takwas ya rage. Sai na karɓi hatimin nan, sannan mutumin nan ya san ya taɓa 'yar mutane.

Taki,
Barkono

Juma'a, 6 ga wata

Barkonon gidanmu,

Wa'alaikumus salam. Gwiwa tana nan tana mulkinta, likita ya hana ni hawa bene, ni da ɗakina yake sama. Ina fatan kina cin abinci, don na san ki, in ranki ya ɓaci cikinki kike hukuntawa.

A tsaye na fara karanta takardarki a bakin ƙofa, sai da na nemi kujera. Ban san ke ce ba. Amma bari in gaya miki dalilina, ko ba zai wanke ni ba.

Shekara huɗu da suka wuce wata ta turo irin tambayarki muka bar ta. 'Yan zaure suka ce ta rage fara'a, ta canza turare, ta duba tufafinta. Wani dattijo ya rubuta mata shafi guda a kan haƙuri, mutum arba'in suka yaba masa. Yarinyar ta fita daga zauren, har yau ban san inda ta ƙare ba. Ranar mu biyar masu kula da zaure muka yanke cewa ba za mu ƙara karɓar irinta ba. Duk wanda ya zo wurinmu gyaran nasa halin yake nema. In na ce miki ga yadda za ki lallaɓa shi, kamar na ce ke ce ba ki iya zama da mutane ba. Ba ke ce ke da gyara ba, ɗiyata, shi ne mai laifi, kuma lafazi ba ya maganin irin wannan.

Sai dai maganarki ta ƙarfe takwas ta tsaya mini a wuya. Shekara talatin ina koyarwa ban taɓa korar ɗalibi don tambayarsa ta fi ƙarfina ba, sai ga shi na yi wa jinina.

Don haka jiya na yi abin da muke yi duk lokacin da doka ta jawo gardama. Na mayar da tambayarki saman zaure yadda take, ba suna, na ce a tattauna mako guda a kaɗa ƙuri'a, irin wannan tana da gurbi a wurinmu ko babu. Sauran huɗun ba su so ba, na ce ni na goge, ni zan mayar.

Kafin nan ki sayi ƙaramin littafi. Duk ranar da ya yi wani abu ki rubuta rana da lokaci da abin da ya ce, kalma da kalma, kuma kada littafin ya kwana a wurin aiki. In ya rufe ƙofa ki ce, "Ranka ya daɗe, matsa, zan fita," da irin muryar karanta sanarwa. Ba murmushi, ba ban haƙuri. Kin ga na amsa tambayar da na ce ba tamu ba ce.

Babanki ba zai ji daga bakina ba. Ki buɗe lambata.

Gwaggonki

Litinin, 9 ga wata

Gwaggo,

Ina gaishe ki, Allah ya ba gwiwa lafiya. Ki yi haƙuri da gajeruwar gaisuwa, direba na sauke kaya, a kan kwali nake rubutu.

Kin kashe ni. Garin neman gira an rasa ido. Kin cire suna kin bar ɗakin sanyi, kin bar ma'auni da hatimi da wata biyu. Ɗakin sanyi nawa ne a yankin nan da ke da 'yar horo mace? Karon farko minti ashirin ta yi, ba wanda ya gani a nan. Yanzu kin kafe ta a sama. Rabin ma'aikatanmu suna zaurenki tun da ofis ya ce kowa ya shiga ya koyi tarbar jama'a. Ni da na fita daga zauren ranar da kika goge, ni ce ta ƙarshen sani.

Alhamis da rana na shiga ɗakin cin abinci, hira ta mutu. Juma'a da safe ya bi ni ciki ya rufe ƙofa, amma bai matso ba. Wayarsa ya ciro ya karanta mini tambayata daga farko har ƙarshe, a hankali. Da ya gama ya ce, "Abin faɗa kike nema? Ki zo ofis in koya miki, ni ma ɗan zaure ne."

Yau da safe takardar tuhuma ta same ni a tebur. Wai ranar Asabar ma'aunin ya haura, kwali biyu na rigakafi sun lalace, ni ce ban rubuta ba. Na rubuta, Gwaggo. Shafin aka yage daga littafin ma'auni, ana ganin ragowarsa a jikin ɗinkin. An ba ni zuwa Alhamis 26 ga wata in kare kaina. In abin ya tabbata a kaina, ba hatimi kawai na rasa ba, sunana zai hau hedikwata a matsayin wadda ta lalata rigakafin yara.

Na san wadda ta kai masa. Alhamis da yamma na ga Tsidau ta shiga ofishinsa da waya a hannu, ta tura ƙofa, sun fi rabin awa. Ta fito idonta ja, ta wuce ni kamar ba ta ga mutum ba. Littafin ma'auni kuma a sitonta yake kwana.

Na ari waya na karanta muhawararku. Mai rage fara'a ya dawo, mai haƙuri ma yana raye. Wani mai kiran kansa Mai Son Zaman Lafiya ya rubuta cewa 'yan matan yanzu in sun kasa aiki sai su nemi wanda za su shafa wa kashin kaji. Na san hannunsa, haka yake jera ɗigo uku a ƙarshen kowace jimla a takardun ofis. Mutum goma sha tara suka yaba.

Yanzu ba abin faɗa nake nema ba. So nake in ga ranar da zai fita daga ginin nan ba wanda ya ce masa sannu. So nake matarsa ta ji, maƙwabtansa su ji, Tsidau kuma ta rufa masa baya. Zan sayi littafin da kika ce, ba don na huce ba, don ina bukatarsa.

Barkono

Asabar, 14 ga wata

Ɗiyata,

Bayan sallama, ya jikinki, ya ƙarfin hali? Gwiwa ki daina tambayarta, ba ta kai a tambaye ta ba yanzu.

Ba ni da bakin ba ki haƙuri. Mu suna kawai muka saba cirewa, don tambayoyinmu na surukai ne da maƙwabta, kowa yana da su. Ban tsaya na tuna ba kowa ke da ɗakin sanyi ba. Na sauke ta ranar Talata da takardarki ta iso, ihu bayan hari.

An kaɗa ƙuri'ar duk da haka. Sittin da ɗaya sun ce ba gurbinta ba ne, hamsin da takwas sun ce gurbinta ne, kuma Mai Son Zaman Lafiya yana cikin sittin da ɗayan. Wato wanda ake kuka da shi ya samu ƙuri'a a kan ko za a saurari kukan, a zauren da na gina da hannuna. Na cire shi. Sauran masu kula suka ce bai karya doka ba, lafazinsa mai tsabta ne. Na ce ai da shi ya daɗe yana ci.

Yanzu ki natsu. Kafin in sauke tambayar mata uku sun rubuto mini a keɓe, kowacce ta gane ɗakin. Ɗaya ta ce har yau in ta ji ƙarar firji barin wurin take. Biyu sun yi horo a ƙarƙashinsa sun tafi, ɗaya ba ta tafi ba. Shekararsa goma sha ɗaya a kujerar nan, ba ke ce ta farko ba.

Na san za ki ce in ba ki sunaye. Ba zan bayar ba. Amana ce, kuma na riga na tona asirin mace ɗaya a watan nan, ya ishe ni. Ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo.

Kada ki ɗauka sulhu nake nema. Na fi ki son ganin bayansa. Ina ambatonsa bayan kowace sallah kuma ba alheri nake roƙa masa ba, Allah ya yafe mini. Amma mace ɗaya mai takardar tuhuma a wuya in ta kai ƙara, cewa za a yi borin kunya take. In sun zama biyu ko uku, zance ya canza. Kada ki rubuta wa kowa komai sai kin ji daga gare ni. Mai sito kuma ki bar ta tukuna, ba ki ga abin da ya faru bayan ƙofar ba.

Gwaggonki

Lahadi, 29 ga wata

Gwaggo,

Ina gaisuwa, da fatan lafiya, don shirunki ya yi yawa. Litinin da ta wuce mota ba ta zo ba, wai ta lalace a hanya. Na jira Talata, ga wa'adina Alhamis. Lambobin da ban sani ba na daina ɗauka, shi ke kira da su ya yi shiru. Na yi tunanin buɗe lambarki, sai na tuna abin da za ki ce, jira. Mata uku a hannunki kina lallashi, ni kuwa wuta na cin gefen zanena.

Laraba na hau mota na kai takarda hedikwata da kaina, na tsallake teburinsa. Shafi shida, rana da lokaci, kalma da kalma, yadda kika koya mini. Na haɗa da hoton inda aka yage littafin, da rubutun Mai Son Zaman Lafiya kusa da wata takardarsa ta ofis. Matar da ta karɓa ta karanta shafin farko, ta tashi ta kawo mini ruwa.

Tsidau tana shafi na biyar. Na ga inda kika ce in bar ta, na san halinku ne na malaman makaranta, kowa ɗan kirki ne sai an kama shi. Na rubuta cewa ta san duk lokacin shigarsa, kullum tana kusa da ƙofar, ita ta kai masa tambayata, kuma a hannunta littafin ya rasa shafi. Ban ƙara gishiri ba.

Juma'a takarda ta sauko, an dakatar da su biyun sai kwamiti ya zauna. Na gani da idona, Gwaggo. Ya ajiye hatimin a teburin sakatariya ya fito da jaka a hammata. Masu gadin da ke rige-rigen buɗe masa mota, kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Na tsaya a baranda inda zai gan ni. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ita kuwa ta ƙirga makullan sito ɗaya-ɗaya a hannun wanda zai riƙe mata, ta ɗaga kai ta dube ni. Ba harara ba ce, ban san sunan kallon ba, amma ban sauke idona ba.

Ranar na ci abinci har da ƙari. In matanki sun farka ki turo su, kwamiti zai zauna 14 ga watan gobe.

Barkono

Lahadi, 22 ga wata

Barkonona,

Ina gaishe ki da murna. Jiya na hau sama ba tare da na riƙe bango ba, ina jin farin ciki ne ya ɗauke ni. Gobe zan ba direba wannan, ki same ta kafin Alhamis.

Biyun da suka tafi sun ƙi. Ɗaya ta ce ta binne ba za ta tono ba, ban ga laifinta ba. Ta ukun ta yarda, ta kuma ba ni izinin gaya miki, ke kaɗai. Mai sitonku ce.

Jiya ta zo har gidana, ta ƙi shan ko ruwa. Shekara tara ke nan, tana sabuwar ma'aikaciya, a ɗakin nan. Nata ya wuce kai hannu, ba zan rubuta ba. Ba ta gaya wa kowa ba, ta zauna tana gaishe shi kowace safiya don ba ta da inda za ta. Tun daga lokacin duk 'yar horon da aka kawo, in ya bi ta ciki, minti biyu take ba shi ta banko ƙofa. Na ce to faɗan na mene ne? Ta ce in ta shiga da fara'a zai gane ya sa a canza mata wuri, in ta shiga da masifa cewa zai yi halinta ne. Ta ce, "Gara yarinya ta tsane ni ta fita lafiya."

Ranar da kika gan ta a ofishinsa ba kai masa ta yi ba, ya riga ya gani. Shiga ta yi ta ce in ya taɓa ki za ta yi magana. Ya ce ta yi, a ga wanda mijinta zai gaskata. Da ya aiko karɓar littafin ranar Asabar kuwa ta san abin da zai yi, ta ɗauki hoton shafin kafin ta bayar. Rubutunki da sa hannunki suna wayarta.

Abu ɗaya ta roƙa. Mijinta yana aiki a nesa, sai 17 ga watan gobe zai dawo. Tana so ta zaunar da shi a ɗakinsu ta gaya masa da bakinta kafin kowa ya ji. Bayan nan za ta bi ki hedikwata ku shigar da ƙara tare. Game da tuhumar kuma, ta ce ki amsa da layi biyu, kin rubuta, kina neman a binciki littafin, wannan zai ja lokaci.

Ta ce ba za ta iya fara miki zancen ba, bakinta ya saba da yi miki faɗa. Ni in gaya miki, ke ki same ta. Da kin karanta ki shiga sito ki gaishe ta, za ta gane. Mun kama shi, ɗiyata, 'yan makonni kawai za ki daure.

Gwaggonki

Litinin, 27 ga sabon wata

Gwaggo Malama,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin sauƙin gwiwa. Baba lafiya, har yanzu bai san komai ba. Wasiƙunki biyu na baya sun iso, ban amsa ba don ban san ta inda zan fara ba. Na ga kun sake doka, za a riƙa karɓar irin tambayata a keɓe, a cire wuri da sana'a ba suna kaɗai ba. Ya yi, amma ni kada ki mayar da ni zauren.

Ranar 30 direban ya karɓi tawa ya miƙo mini taki ta 22, wadda ta yi mako guda a cikin mota a gareji. Sai da ya fita na buɗe. A bakin sito na karanta ta.

Washegari na koma hedikwata in janye shafi na biyar, suka ce abin da ya shiga fayil sai gaban kwamiti. Na je gidan mai sito sau biyu aka ce ba ta nan, ga takalmanta a bakin ƙofa. Labari ya riga ni. Ƙanen mijinta ya ji a gari, ya buga wa yayansa waya ya ce an dakatar da matarka, wai ita ke yi wa wani gadin ƙofa yana lalata da 'yan mata. Abin da mutumin ya fara ji ke nan, kuma maganata ce.

Kwamiti mutum bakwai ne. Mai Hatimi ya zo da farar riga da lafazinsa, ya ce ni 'ya ce a wurinsa. Na karanta littafina, na ce shafi na biyar zato ne na rubuta shi kamar sani. Shugabar kwamitin ta ce duk da haka mai sito ta bayyana abin da take yi a bakin ƙofar kowace safiya. Ba ta da wata hanyar wanke kanta. Ta miƙe ta faɗa, a gabansu da mai rubutu da shi da ni, kwana uku kafin mijinta ya sauka. Ba ta yi kuka ba. Ta faɗi rana da wata da launin rigar da ya sa, sannan ta ajiye wayarta a tebur da hoton shafin.

Mai Hatimi ya nemi ruwa, kofin yana buga haƙoransa. Ba zan yi miki ƙarya ba, ƙarar nan ta yi mini daɗi, har yau in na tuna tana yi mini daɗi. An kore shi, an tura fayil ɗinsa wurin masu ba da lasisi, an soke tuhumata. Duk abin da na roƙa na samu.

Ita an mayar da ita aiki. An ce a gidan yayarta take kwana. Mijin bai sake ta ba, bai kuma je ya ɗauko ta ba.

Kafin a turo sabon shugaba, hatimin yana hannun wanda ya fi kowa daɗewa a sashen, wato ita. Yau horona ya cika, na shiga sito da littafin horona. Ta bi shi shafi-shafi, ta nuna mini wuri biyu da ban sa kwanan wata ba, na cike. Na ce Yaya, ban ga wasiƙar ba sai bayan komai. Ta ce ta sani, kin gaya mata. Ta ce a makon da kika rubuto wasiƙar duk wanda ya taɓa ƙofar sito sai ta ɗaga kai, ta ɗauka ni ce na zo gaisuwa. Ta buga hatimin ta sa hannu, sannan ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Shekara tara ina shirya yadda zan gaya wa mijina. Shi bai iya ƙwace mini wannan ba, ke kika ƙwace."

Ta turo mini littafin ta ci gaba da aikinta.

Yana gabana yanzu, Gwaggo, tawadar ba ta gama bushewa ba. Gobe zan hau mota in tafi gida. Baba ya ce in rubuto masa sunan duk wanda ya riƙe ni da kyau a wurin aiki, yana so ya kira ya yi godiya.

Taki,
Barkono